Shafukan da Malam Ya Soke

Ranar Litinin da hantsi wata dattijuwa ta hawo bene na biyu na kwalejin tana haki, rungume da wani koren fayil kamar mai rungume da jariri. Ta leƙa ofis biyu ba ta dace ba. A na uku ta tsaya ta ƙare wa malaman Turanci mata biyu da ke ciki kallo, sannan ta nuna ƙaramar da haɓa.

"Ke ce ta bakin taga?"

Ƙaramar malamar ta ɗago daga takardun ɗaliban da take dubawa. Shekara goma sha ɗaya rabonta da jin wannan sunan. Mutum ɗaya ne ya taɓa kiran ta da shi, malaminsu na Turanci a sakandare, wanda ba ya riƙe sunan ɗalibi sai inda yake zama: na bakin ƙofa, ta ƙarƙashin fanka, na bayan dogo. Ita taga ta samu, kuma tagar ta bi ta har ta gama makarantar.

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa, ga kujera."

Dattijuwar ta zauna, ta aje fayil ɗin a kan takardun ɗaliban ba tare da ta nemi izini ba. Ta ce ita ce matar Malam. Shekara uku ke nan da ya bar aiki, kuma tun ranar da ya bari bai bar ta ta huta ba, kullum yana ɗaki yana rubutu. Littafi ne ya rubuta a kan shekara talatin da biyar da ya yi yana koyarwa.

"Ya ba abokan aikinsa uku sun karanta, kowa ya ce kar a taɓa ko waƙafi. Bai yarda da su ba, wai dukansu shayinsa suke sha. Shi ne ya ce a nemo ki. Wai ke ba ki iya magana ba, balle ki iya ƙarya."

Babbar malamar da ke tebur na kusa, wadda kowa ke kira Anti, ta ƙyalƙyale da dariya. Ƙaramar ta sunkuyar da kai.

"Asabar ki zo da la'asar ki faɗa masa," in ji dattijuwar. "In kin ce ya yi, Litinin zai kai wa masu ɗab'i. In kin ce bai yi ba, to, ni dai ban sani ba. Likita ya ce idon nan nasa da wuya ya ƙara shekara biyu yana ganin rubutu. Ke dai ki san abin da za ki ce, 'yar nan."

Ta miƙe, ta ƙi shan ruwa, ta sauka benen tana dafa bango.

Sai da aka tashi, ofis ya yi shiru, sannan ta kwance igiyar fayil ɗin. Rubutun hannunsa ne, bai canza ba, haruffa a tsaye a jere kamar ɗalibai a filin taron safe, sai dai sun ƙara girma saboda idon. Tana ganinsu ƙamshin alli ya dawo mata, da ƙarar fankar ajinsu mai juyawa da ƙyar, da yadda yake shigowa ya aje agogonsa a kan tebur kafin ya ce uffan. Shi ya koya musu rubuta insha'i, kuma hanyarsa ɗaya ce tak: shimfiɗa, hujja uku, kammalawa, kalma ɗari huɗu da hamsin. Kowa ya ƙirga kalmominsa da bakin fensir ya rubuta adadin a ƙasan shafi. Wanda ya zarce, a yanke masa maki. Wanda ya ɗauko labarin kakarsa a tsakiyar hujja ta biyu, Malam ya ɗora rula ya ja layi biyu da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta a gefe: ya kauce wa batu. Yara sun tsani rular nan. Amma a zamaninsa ba a faɗuwa jarrabawar Turanci a makarantar, iyaye har roƙo suke a sa 'ya'yansu a ajinsa.

Ta karanta babi na ɗaya, ta karanta na biyu. A na huɗu ta ji hamma ta zo mata, ta danne ta da kunya kamar yana tsaye a kanta. Babi ashirin da huɗu ne, kowane da shimfiɗarsa da hujjojinsa uku da kammalawarsa. Amfanin karatun adabi guda uku. Matsalolin malamin Turanci guda uku. A ƙasan kowane babi, da fensir, ya rubuta adadin kalmomin. Babu kuskure ko ɗaya, babu inda za ta sa biro. Babu kuma mutum ko ɗaya a ciki. Shekara talatin da biyar, yara dubbai, amma ba ta ga fuskar kowa ba, har tasa.

Ta shiga neman ranar Alhamis. Domin ita ba rular ce ta sa ta zama malama ba, Alhamis ce. Darasin ƙarshe na ranar, lokacin da yunwa ta fara cin kowa, Malam yakan rufe ƙofa, ya buɗe kabad ɗin bayan aji, ya ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya daɗe da yagewa. Ba ya cewa a rubuta komai, ba ya tambaya. Ya zauna a gefen tebur, abin da ba ya yi sauran ranaku, ya karanta musu. Muryarsa takan canza. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta ɓarawo, ya yi ta alƙali mai mura. Yaran da ba su jin rabin Turancin ma sai ka ga sun saki baki. Ita kuwa a bakin tagarta, da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, takan ji kamar da ita kaɗai ake. Ana kaɗa ƙararrawa ya rufe littafin ko da a tsakiyar jimla yake, ajin ya ɗauki "Haba Malam!", shi kuwa ya ɗauki agogonsa ya fita ko waiwaye babu.

Ta samu Alhamis ɗin a babi na goma sha shida, layi ɗaya, a ƙarƙashin hujja ta biyu: akan karanta wa ɗalibai littafi sau ɗaya a mako domin bunƙasa ƙwarewar sauraro.

Ta rufe fayil ɗin.

Washegari da take mayar da shafukan a jere, ɗaya ya zame ya faɗi a kife. Malam bai taɓa yarda a ɓata takarda ba, saboda haka bayan shafin ma akwai rubutu, an ja masa layi biyu da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa. A gefe, da hannunsa, ya yi wa kansa hukunci: ya kauce wa batu. Ta karanta ta ƙarƙashin layukan.

Labarin mahaifinsa ne. Mai gyaran agogo ne a wani ɗan shago da bai fi tsawon mutum biyu ba, bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Amma kullum in yaron ya taso daga makaranta, sai uban ya ce ya zauna ya karanta masa littafin da aka ba su, da ƙarfi. Shi yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya yana tsintar ƙananan kusoshi, yaron yana karatu. Can sai uban ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wannan mai maganar ƙarya yake yi." Ko ya ce, "Matar nan kuka take son yi, kai kuma kana karanta ta kamar mai kiran fasinja. Sake." Kuma sau tari ya canka daidai. Ranar da uban ya rasu, shafi tara ya rage musu su gama wani littafi, kuma har yau Malam bai karanta shafuka taran nan ba.

Ta juya dukan shafukan ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya ta samu. Akwai ranarsa ta farko a aji, da takalmin yayansa da ya matse shi, ya cire a ƙarƙashin tebur, shugaban makaranta ya shigo dole ya miƙe da safa mai huji. Akwai wata yarinya da ta rubuta insha'i mafi kyau da ya taɓa gani, a kan yadda mahaifiyarta ke tsefe mata kai, ya ba ta huɗu cikin goma saboda ta zarce da kalma ɗari biyu, kuma daga ranar ba ta ƙara rubuta masa komai ba sai abin da aka tambaya. Duka goma sha ɗayan rula ta hau su.

"To mene ne abin damuwa?" in ji Anti da ta ba ta labari, tana gogar tabarau da gefen mayafi. "Ki ce ya yi kyau, a buga, a ba kowa kwafi, a aje a kan talabijin. Wa zai karanta? Ni ma nan ban karanta na surukina ba, kuma na tashi na yi jawabi a kansa."

"Anti, cewa ya yi in faɗa masa gaskiya."

"Kowa haka yake cewa. Ke in na tambaye ki ko na ƙara ƙiba, gaskiya nake nema? Tsoho ne, idonsa na tafiya. Ki ce masa shekara ukunsa ta tafi a banza, ki ga ko zai ƙara amsa gaisuwarki. Ke da ko ɗalibi ba kya iya kora daga aji."

Ta san Anti ba ta yi ƙarya ba. Har Juma'a tana shirya jimlolin yabo a zuciyarta, masu tsabta, waɗanda ba ƙarya ba ne kai tsaye. An tsara shi da kyau. Turancin ba makusa. Malamai za su amfana. Ta maimaita su a cikin mota, ta maimaita su a bakin ƙofar gidan.

Falon ƙarami ne, littattafai har kan akwatin talabijin, hotunan ajujuwa a jere a bango, yara a tsaye layi uku shi a tsakiya. Ya rame, gashin ya yi fari fat, tabaraun ya yi kauri har idanunsa sun zama manya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya matso da fuskarsa yana kallonta.

"Kin girma. Har yanzu ba kya magana?"

"Ina ɗan taɓawa, Malam."

"Ɗalibanki suna jin ki daga baya?"

"Na gaba suna faɗa musu."

Ya yi dariya har da tari. Matarsa ta kawo shayi da biskit, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya da tire a hannu, ba ta ko ɓoye cewa saurare take ba. Suka ɗan taɓa hirar makaranta. An rushe tsohon ajin, an yi ɗakin kwamfuta. Kabad ɗin littattafan kuwa ba wanda ya san inda aka kai shi. Sai ya cire agogonsa ya aje a kan tebur, ya harɗe hannu.

"To. Nawa na ci?"

"An tsara shi da kyau, Malam," ta ce. "Turancin ba makusa."

"Wannan na sani. Ni na koya miki Turancin."

Ta kalli kofin shayinta. Jimla ta uku tana bakinta, a shirye. Sai ta tuna yarinyar nan mai huɗu cikin goma, da ta koma rubuta abin da aka tambaya kaɗai. Ta buɗe fayil ɗin, ta zaro shafuka goma sha ɗayan da ta ware, ta aje su a gabansa a kife, jan layin yana sama.

"Malam, littafin bai yi ba. Kar a kai shi Litinin."

Tiren ya ɗan yi ƙara a bakin kicin.

"Babi ashirin da huɗun nan insha'in jarrabawa ne," ta ci gaba, ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta sake farawa ba. "Kowanne zai ci tara cikin goma. Amma na yi hamma a na huɗu. Na nemi ajinmu ban gan shi ba, na neme ka ban gan ka ba. Littafin ga shi nan, shi ne wanda ka soke."

Ya ɗauki shafi ɗaya ya kai kusa da hancinsa, ya gane shi, ya aje da sauri kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

"Wa ya ce ki karanta baya? Abin da aka soke ba a duba shi. Dokar farko ke nan ta duba takarda."

"A jarrabawa ke nan, Malam."

"Wannan surutu ne. Ba shi da kai, ba shi da ƙafa. Mutum ya zauna yana ba duniya labarin safarsa? Littafi nake rubuta wa malamai, ba hirar bakin titi ba. Shekara talatin da biyar ina hana yara wannan shirmen, sai ni in zo in buga shi da sunana?"

"Ranar Alhamis ba hujja uku kake karanta mana ba."

"Waɗancan marubuta ne. Ni malami ne."

"Na faɗa masa," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Na ce labarin Baba ya fi, ya ce me na sani, ni da na tsaya a aji uku."

"Ke ba da ke ake ba."

"Ai dama ba a taɓa yi da ni ba, sai kawo shayi."

Ya tattara shafukan, na gaba da na baya, ya daidaita gefensu a kan tebur sau uku, ya ɗaure igiyar. Ya mayar da agogonsa a wuyan hannu, maɗaurin ya ƙi shiga, bai bari kowa ya taimaka masa ba.

"Na gode da lokacinki," ya ce da Turanci, irin muryar da yake sallamar iyayen yara da ita. "Ki gaida gida."

Matarsa ta raka ta har bakin titi, suka jira har mota ta zo. "Ko ni bai taɓa yi wa wannan muryar ba," in ji dattijuwar. "Allah ya kiyaye hanya, 'yar nan."

Litinin ta zo ta wuce. Ba ta ji an kai littafin ba, ba ta ji an fasa ba. Sau biyu ta kira gidan, matar ta ce yana hutawa. Anti ta ce, "Ban faɗa miki ba?" sau ɗaya kawai, daga nan ta dinga aje mata alawa a kan tebur ba tare da magana ba. Ita kuwa ta shiga aji ta fita, ta duba takardu, ta lura tana daɗewa a kan duk wanda ya zarce iyaka kafin ta sa biro. Wani lokaci tana tsaye a gaban allo sai ta tuna hannunsa da maɗaurin agogon, ta manta abin da take cewa. Ta ce a ranta da ta yi shiru, da yanzu yana zaune da littafinsa a cinya yana shafa bangonsa, yana ganinsa da sauran idon da ya rage.

Bayan mako uku da 'yan kwanaki, ranar Laraba, tana tsakiyar rubuta wa 'yan shekarar farko aiki a kan allo, wayarta ta yi ƙugi a aljihun jaka. Ta ga lambar gidan. Ta ce wa ajin su ci gaba da kwafa, ta fita baranda da alli a hannu.

Ba sallama, ba gaisuwa.

"In mutum bai yi shimfiɗa ba," in ji Malam, "ta ina yake farawa?"

Ta jingina da bango.

"Malam, a ranar da kake son rubutawa, ina kake zaune?"

"A shago. Kan benci."

"To ka fara daga bencin."

Tana jin numfashinsa, da ƙarar famfo can nesa.

"Bencin ƙafarsa uku. Da bulo ake tokare shi. Wannan ma a sa?"

"A sa."

"Kuma kalma nawa?"

"Har inda ya ƙare."

"Shirme," ya ce. "Haka kike koya wa yaran mutane?"

"Haka nake ƙoƙari, Malam."

Ta ji ya janye wayar daga bakinsa yana kiran matarsa, yana tambaya ina ta kai masa baƙin biron nan mai kauri, tana amsa masa daga nesa cewa yana aljihun rigar da ke jikinsa. Bai kashe wayar ba, mantawa ya yi. Ta tsaya a barandar tana jin ƙarar takarda, da jan kujera, da tarinsa, har hayaniyar ajinta ta fara fitowa ta ƙofa. Sannan ta kashe, ta goge idonta da bayan hannu, allin ya ɓata mata kumatu, ta koma ciki.